Sayen mota a lokacin ƙaranci: matakan da za ka bi kada dillalai su tsuga maka kuɗi

Tambayar da ake ta maimaita mini iri ɗaya ce: na tara kuɗin mota, na shiga kasuwa na tarar ba su kai ko kusa ba, in jira ne ko in rufe ido in saya? Wasu kuma so suke su san yadda za su gane ko farashin da aka faɗa musu na gaskiya ne. Ga amsar nan daki-daki.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu shiga. Kuɗin kowace mota a yanzu kashi biyu ne. Kashi na farko tsada ce ta gaske. A 2021 da 2022 kamfanonin ƙera motoci sun rage aiki saboda ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki, sai tsofaffin motoci suka yi tsada a Amurka, inda mafi yawan 'yan Beljiyam ɗinmu, wato motocin hannu da ake shigo da su daga waje, ke fitowa. A 2022 Kwastam ta koma kimanta haraji da lambar shasi. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Wannan ba ka da yadda za ka yi da shi. Kashi na biyu kuwa shi ne abin da mutane suka ɗora a kai saboda sun ga motoci sun yi ƙaranci kuma kana cikin sauri. Duk matakan da ke ƙasa aikinsu ke nan: raba maka waɗannan biyun, ka biya na farko, ka ƙi na biyu.

1. Yanke iyakar kuɗinka tun daga gida

Kada ka shiga kasuwa da duk abin da ka tara a matsayin kuɗin mota. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma ka ajiye gefe. Motar da aka sauke daga jirgi za ta ci rajista da lamba, da inshora, da juyen baƙin mai, sau da yawa har da batir da tayoyi huɗu. Inshora mafi ƙanƙanta, wadda doka ta wajabta, ta koma naira 15,000 tun daga watan Janairun 2023, a da 5,000 ce. Idan daga Legas za a kawo maka, akwai kuɗin tirela ko na direba da mai.

Abin da ya rage shi ne iyakarka. Rubuta shi a takarda, kuma kada ka faɗa wa dillali. Idan ya ce "Alhaji, nawa ka tanada?" ka ce masa ya fara nuna maka abin da yake da shi. Duk adadin da ka furta, daga nan farashi zai fara, ba zai tsaya ƙasa da shi ba.

Hattara: idan da bashi za ka cike, ka lissafa jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, ba na wata-wata ba. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, na bankunan kasuwanci kuwa yana sama da haka. Bankuna irin su Jaiz da TAJ suna yin murabaha, wato su sayi motar su sayar maka da riba sananniya, amma ita ma ribar ka nemi a rubuta maka ita dunƙule.

2. Zaɓi motoci uku, ba ɗaya ba

Wanda ya shigo kasuwa yana cewa shi Corolla baƙa ta 2010 yake so, ita kaɗai, ya riga ya miƙa wuya. Motocin da kowa ke nema su ne aka fi ɗora wa ƙari: Corolla, Camry, Highlander, Lexus RX. Ka fita da sunaye uku da za su yi maka aiki iri ɗaya. Misali, Pontiac Vibe ƙanwar Toyota Matrix ce, a masana'anta ɗaya da Corolla aka haɗa ta, injinsu na 1.8 iri ɗaya ne. Bakaniken da ya iya wannan ya iya waccan.

Gwajin da nake ba mutane shi ne su je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, su tambayi kuɗin abubuwa huɗu na motar da suke so: inji, akwatin giya, fitilar gaba, da shokozoba. Idan sai an aika kasuwar Ladipo a Legas kafin a samo fitila, wannan motar arahar ta ta rana ɗaya ce. Sannan ka dubi shan mai da idon yau, ba na kafin 29 ga Mayu 2023 ba, ranar da aka cire tallafin mai. Masu silinda shida da yawa an fito da su kasuwa ne saboda masu su sun gaji da gidan mai. Idan ba ka yawan tafiya mai nisa, wannan dama ce a gare ka, don su ne ake sassautawa a ciniki. Idan kullum kana kan hanya, ka bar su.

Hattara: Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle, mai injin 2.4, an san ta da shan baƙin mai idan ta tsufa. Ta 2010 da 2011 an sa mata injin 2.5. A ido kusan ɗaya suke, don haka sai ka duba.

3. Gano farashin gaskiya kafin ka taya

Ka ɗauki mako guda kana tambaya ba tare da niyyar saye ba. Ka zaga wuraren sayar da motoci aƙalla biyar, ka duba Jiji da shafukan dillalai na Facebook da Instagram, ka sa wani da ka yarda da shi a Legas ya tambayo maka a Berger. Ka rubuta shekara, da nisan tafiya, da ko Beljiyam ce ko an yi amfani da ita a gida. Farashin da ake rubutawa a intanet na neman mai tayawa ne. Wanda ya fi amfani shi ne ka samu mutum biyu da suka saya cikin watan nan ka ji nawa suka biya.

Hanya ta biyu ta fi wahala amma ta fi faɗin gaskiya: ka lissafa abin da motar ta ci kafin ta iso. Kuɗin da aka saye ta a gwanjon Copart ko IAAI a Amurka, kuɗin gidan gwanjon, jigila zuwa tashar jirgin ruwa, kuɗin jirgi zuwa tashar Tin Can a Legas, harajin Kwastam, kuɗin tasha da na ejan, gyara da fenti, sai kawowa Arewa. Kowane ejan mai fitar da kaya zai iya faɗa maka harajin mota idan ka ba shi shekara da lambar shasi. Ka haɗa, ka ƙara wa ɗan kasuwa ribarsa ta halak. Abin da ya haura wannan da nisa, ɗori ne.

Za ka ji ana cewa dala ce ta tashi. Ka tambaya yaushe motar ta shigo. Takardar Kwastam tana ɗauke da kwanan wata. Ɗan kasuwa yana da hujja idan ya ce da kuɗin yau zai sayo wata, ban musa masa ba. Amma hujjar nan tana aiki ta ɓangare biyu: ranar da dala ta sauka, ba ka taɓa ganin an bi ta da gudu an rage ba. Motar da ta yi wata shida a tsaye tana cin rana, mai ita ya fi ka matsuwa.

Hattara: yin oda da kanka yana iya sauƙi, amma cinikin biri a sama ne. Daga gwanjo zuwa ƙofar gidanka yakan ɗauki wata biyu ko uku, kuma a farkon 2024 farashin dalar da Kwastam ke lissafi da shi ya yi ta canzawa cikin 'yan makonni. Idan za ka yi, ka nemi lambar shasi da hotunan gwanjo kafin ka tura ko kwabo, ka biya kashi-kashi, kuma sunanka ya fito a takardar jirgi.

4. Rage hannayen da ke tsakaninka da mai mota

Nan ne yawancin kuɗi ke zurarewa. A ce mai mota ya sallama a miliyan 9. Dillalin da aka ba wa ya ce 9.5. Ya tura hoto wa abokinsa, shi kuma ya ce 10. Kafin hoton ya iso wayarka ta hannun ɗan unguwarku, ta zama 10.8, kuma kowannensu zai dawo ya nemi la'ada. Alamarsa a bayyane take: ka tambayi ƙaramin abu, sai a ce bari a kira a ji, ka ce za ka zo gani, sai a ce motar tana wani wuri, a ba su awa biyu.

Dillanci sana'a ce, kuma dillalin kirki yana rage maka wahala, ya san motar da aka taɓa buɗe wa inji da wadda ba a taɓa ba. Ka ɗauki guda ɗaya. Ku yi magana tun farko: ga la'adarka, kaza, a dunƙule, ba bisa kason farashi ba, don wanda ladansa ke ƙaruwa da tsadar mota ba zai taya ka neman ragi ba. Sharaɗin shi ne ranar ciniki ka zauna da mai motar, ko mai wurin da sunansa ke kan rasit. Idan aka ce mai motar ba ya son a gan shi, ka ce kai ma kuɗinka ba sa son fita.

5. Karanta lambar shasi

Kafin ka ɗauko bakanike, ka yi wannan, don minti goma ne kuma yana kore rabin motocin. Lambar shasi, wato VIN, harufa da lambobi 17 ce. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba. Su yi daidai da juna, su yi daidai da na takarda, harafi da harafi.

A motocin da aka ƙera domin Amurka, na goma a jerin shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015. Wannan yana da muhimmanci yanzu fiye da da, saboda sana'ar sauya fuska. A ɗauki mota ta 2008, a canja mata bamba da fitilu da ragar gaba, a sayar da ita da kuɗin 2013. An fi yi wa Lexus da Highlander da manyan jif-jif. Fuska tana canzuwa, harafi na goma ba ya canzuwa.

Daga nan ka rubuta lambar a Google. Sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito, ka gan ta yadda take kafin mai kwankwasa ya taɓa ta. Ka sayi rahoton tarihin motar na Carfax ko AutoCheck da kanka. Abubuwa uku za ka duba: wane irin hatsari ta yi, ko ruwa ya taɓa cinye ta, da nisan tafiyar da aka rubuta na ƙarshe. Idan rahoto ya ce ta yi mil 190,000 a Amurka, agogonta a nan yana nuna 88,000, an juya shi. Ka tuna kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Yawancin motocin gwanjo sun taɓa buguwa, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Bugun ƙofa ko na bamba dalilin neman ragi ne kawai. Wadda za ka guje wa ita ce wadda ƙashin jikinta ya lanƙwashe, da wadda ambaliya ta ci. Guguwar Harvey ta 2017 a Texas da ta Ian ta 2022 a Florida sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, kuma irinsu gwanjo suke tafiya.

Hattara: kada ka karɓi rahoton da dillali ya turo maka a hoto. Ana gyara su.

6. Tabbatar da takardun Kwastam

Tun 1 ga Janairu 2017 aka haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Duk da haka 'yan Kwatano ba su daina shigowa ba, kuma idan haraji ya yi tsada, fasaƙwauri da takardun bogi suna ƙaruwa. Motar da ta fi sauran araha da miliyan ɗaya ko biyu ba tare da wani aibi a jiki ba, mafi yawan lokaci aibinta yana cikin takarda.

Ka karɓi kwafin takardar shigo da kaya mai ɗauke da lambar da ake kira C-number, da takardar kimanta haraji, da rasit na banki, da takardar fita daga tasha. Ka je ofishin Kwastam da ƙafarka a duba maka. Tambaya biyu ce: an biya? An biya cikakke, kuma na wannan shekarar motar? Akan biya harajin 2008 a kan mota ta 2013, takarda ta gaske ce amma ba za ta tsallake da kai shingen hanya ba. Ranar da aka tsare motar a hanyar Kaduna, kai ne mai ita, dillali ya daɗe da cin la'adarsa.

Idan ta gida ce mai lamba, ka duba lambar a shafin tantance lambobi na hukumar kiyaye haɗurra, ka ga ko sunan motar ya dace, ka kuma nemi ganin asalin takardar mallaka da katin shaidar mai ita.

7. Kawo bakanikenka, da mai wuta

Naka, ba wanda ke zaune a bakin wurin sayar da motocin ba. Ka biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba, kuma ka faɗa masa haka tun a hanya, don kada ya shiga sahun masu jiran la'ada.

Ku je da safe, injin yana sanyi. Idan kun tarar an riga an tayar da ita ta ɗumama, ku dawo gobe. A tashin farko ne ake jin ƙarar inji ta gaskiya, a ga hayaƙi. Shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan ta yi zafi na nufin ruwa yana shiga inji. A buɗe murfin baƙin mai, idan akwai kumfa mai kalar shayi da madara, gaskit ya ƙone. A duba ruwan lagireto, kada a ga mai yana yawo a kai.

Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun gargaɗi duka su kama, na inji, na birki, na jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Mai wuta ya jona na'urar bincike. Ba laifuffuka kawai zai karanta ba, ya duba ko an goge su kwanan nan, don na'urar tana nuna gwaje-gwajen da kwamfutar motar ba ta kammala ba tun bayan gogewa.

A ɗaga kafet, a duba rijiyar safaya taya, a jawo bel ɗin kujera har ƙarshe. Laka, tsatsa a ƙusoshin kujera, ko warin danshi da aka danne da turare, duk alamun ruwa ne. Motar ruwa takan yi lafiya wata biyu, sannan wutarta ta fara rikicewa ɗaya bayan ɗaya, ba bakaniken da zai gama da ita.

A bi jikin da ƙaramin maganaɗisu naɗe a ƙyalle. Inda aka cika da fila ba ya kamawa sosai. A hau rami a duba ƙasa: walda a inda bai kamata ba, yoyon mai, da tukunyar salansa da bakanikai ke kira indomi. Ana yanke ta a sayar saboda tana da tsada, a liƙa bututu a wurin. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, mako da shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta wuce shekara shida, ko zanenta yana nan, ka lissafa kuɗin sabuwa.

Sai tuƙi, aƙalla minti ashirin, da esi a kunne, a cunkoso da kuma buɗaɗɗiyar hanya. Giya ta shiga ba fizga, allurar zafi ta tsaya a tsakiya, sitiyari kada ya ja gefe. Mai motar da ya ce babu mai a ciki, ka saya masa lita biyar.

8. Ciniki

Yanzu kana da takarda a hannu: farashin kasuwa, da jerin abin da bakanike ya gano da kuɗin gyaran kowanne. Da ita za ka taya. Kada ka kushe motar mutum, ba ya kawo ragi, gaba yake kawowa. Ka ce tayoyi kaza, batir kaza, indomi babu, ga abin da zan iya. Zai ce albarka. Ka ƙara kaɗan sau ɗaya ko biyu, sannan ka bar lambar wayarka ka tafi. Tafiyar nan ita ce mafi ƙarfin abin da kake da shi, kuma ba ta yiwuwa sai kana da mota ta biyu da ta uku a jerinka.

Za a ce maka wani Alhaji ya taya fiye da haka, yana hanya da kuɗi. Wani lokaci har mutum zai bayyana yana zaga motar yana tayawa da ƙarfi. Tayin ƙarya don a zuga mai saye shi ne najashi, kuma shari'a ta hana shi, amma ana yi. Amsar guda ce: Allah Ya sanya alheri, a sayar masa. Idan gaskiya ne, ka rasa mota ɗaya cikin uku. Idan ba gaskiya ba ne, wayarka za ta yi ƙara kafin magariba.

Lokaci ma yana da tasiri. Gab da Sallah da ƙarshen shekara masu saye suna yawa. Lokacin biyan kuɗin makaranta da na kujerar Hajji kuwa, masu sayar da ta hannunsu ne ke yawa.

Ga mai neman sabuwa dal daga kamfani: ka karɓi takardar farashi mai nuna kwanakin da za ta yi aiki, a rubuta ranar da za a ba ka motar, da abin da zai faru da kuɗinka idan ranar ta wuce. Kayan ƙari da aka lissafa maka, irin su baƙin gilashi da na'urar bin sawu, ka ce a cire su ka ga farashin motar ita kaɗai.

Hattara: kafin alƙalami ba ya fita sai da rubutu. A rubuta adadin, da lambar shasi, da cewa za a mayar idan takarda ko inji ya nuna matsala.

9. Biya da karɓar takardu

Ka biya ta banki, cikin asusun da sunansa ya dace da na kan rasit ko na takardar mallaka, ba asusun dillali ko na wani yaron shago ba. Ku rubuta takardar ciniki: sunaye, lambar shasi, lambar inji, adadin kuɗi, kwanan wata, shaidu biyu daga kowane ɓangare, da kwafin katin shaidar mai sayarwa. A sa layi ɗaya da ke cewa idan Kwastam ko 'yan sanda suka riƙe motar kan abin da ya faru kafin yau, mai sayarwa ne zai ɗauki nauyi. Mai gaskiya ba ya ƙin sa hannu a kan wannan.

Kada ka bar wurin sai da asalin takardun Kwastam, ba kwafi ba, da makulli na biyu. Idan babu na biyu, a rage kuɗinsa, don makullan zamani sai an haɗa su da kwamfutar mota. Idan ta gida ce, ka yi canjin mallaka a ofishin lasisi cikin makon, kada ka ci gaba da yawo da sunan wani. Inshora kuma ka yi ta a kamfani, sannan ka duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, ka ga ta fito, saboda ta bogi ta yi yawa a bakin ofisoshin lasisi. Daga nan kai tsaye wurin bakanike: a juye baƙin mai, a canja matatar mai da ta iska, a duba man giya da na birki, ko da an rantse maka jiya aka yi.